Fulas ɗin da na sauke daga babur ɗin Yaya

A lokacin da abin nan ya faru ina ɗan shekara ashirin da tara, ina gyaran babura a wata warsha da ke Waziriyya a Jidda, kuma gaskiya ina ji da kaina. A unguwar Karantina na tashi, iyayena sun zo da ni daga Najeriya ina goye suka zauna. Hannuna ya faɗa a kan manyan babura, irin waɗanda 'ya'yan masu hali ke jerawa a bakin teku ranar Alhamis, har ta kai idan na ce abu kaza ne ya lalace ba mai yi mini musu. Rashin musun nan shi ya cuce ni. Na rubuto muku ne, Edita, don na gaji da riƙe maganar ni kaɗai, kuma ina roƙon a sakaya sunana.

Akwai wani bawan Allah da nake kira Yaya. Ba ciki ɗaya muka fito ba, asalin garinmu ne ɗaya a gida Najeriya, ya kuma girme ni da shekara goma sha biyu. Direba ne a gidan wani attajiri a Abhur, kuma shi ya kai ni warshar da na koyi sana'a. Mutum ne mai kawaici, ko ƙafarsa ka taka shi zai fara ba ka haƙuri. Abu ɗaya ke sa shi surutu, wato babur. Mun sayi wani tsohon babur da ya yi haɗari, muka shekara biyu muna tayar da shi duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ranar da ya tashi, Yaya ya zauna a kansa yana dariya kamar an yi masa albishir da haihuwa.

Wata shekara masu kawo mana gyara suka shirya tafiyar kwana uku zuwa babban taron masu babura a duwatsun kudu, wajen Abha. Ni sun ɗauke ni ne don in zama makanikensu a hanya. Na yi ta roƙon shugaban tafiyar har ya yarda Yaya ya biyo mu, da sharaɗin ba za a tsayar da ayari saboda mutum ɗaya ba. Mu biyu ne kaɗai Hausawa a cikinsu, kuma na ƙudura a raina ba za a ce mu ne muka kawo cikas ba.

Ranar Talata da la'asar muka haɗa kaya a warsha. A nan fa nake taƙama. Na shimfiɗa tamfol na baje komai a kai: sifanoni, filogi, wayar kuloci, kayan faci da famfo, igiyoyin roba, rigunan sanyi saboda dutse, darduma, jarkar ruwa da dabino. Ƙa'idata ita ce mai nauyi ya zauna ƙasa, akwatin dama da na hagu su zo daidai, abin da ba dole ba kuma ya kwana a gida. Sai ga Yaya da jakarsa da wani jan fulas na abinci, ƙato, mai faɗin baki. Ya ce Anti ce, wato matarsa, ta haɗo shi, a sa shi a jakar da ke kan kujerar baya, kuma kada in taɓa shi. Na tsokane shi da cewa ashe har Abha tuwon Anti zai raka mu. Murmushi kawai ya yi. Ana cikin haka kafilinsa, wato attajirin da yake wa aiki, ya kira shi a waya, ya tafi ya bar mini babur ɗin in ƙarasa.

Da na ɗaga fulas ɗin na ji nauyinsa, sai na buɗe. Ƙanƙara ce cike, a tsakiyarta an naɗe wasu ƙananan kwalabe biyu da allurai a cikin leda. Kamata ya yi in rufe in jira mai shi. Maimakon haka na ɗauka allurar ƙarin kuzari ce irin wadda wasu ke yi, na ce wannan ɗan abin ne za a ɗauko wa gida guda. Na juye ƙanƙarar a kwata, na naɗe kwalaben da tsumma, na cusa su ƙasan akwatin dama tare da sifanoni, akwatin da ke zaune daf da salansa. Fulas ɗin na tura shi bayan gwangwanaye a kan kanta, na sa galan ɗin baƙin mai a gurbinsa. Washegari bayan asuba Yaya ya iso a gurguje, ana ta yalla yalla, a yi sauri a kama hanya. Ya tambaye ni ko komai na nan yadda ya bari, na ce masa halas, an gama komai.

Muka ɗauki hanyar bakin teku, rana tana dukanmu ta sama, kwalta tana turo zafi ta ƙasa. Sai azahar muka tsaya a wani gidan mai don salla da abinci. Na hango Yaya yana birkita jakar baya, na je na nuna masa inda na mayar da kayan ina jiran yabo. Da ya zaro tsumman, kwalaben sun yi zafi kamar kofin shayi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ja ni bayan masallaci ya gaya mini abin da ya ɓoye shekara shida: ciwon suga ke gare shi, da allurar nan yake rayuwa, kuma an ce masa ba ta son zafi. Ya ɓoye ne don tsoron kada kafili ya ji ya ce ba zai ba shi tuƙin 'ya'yansa ba, ga shi kuwa iƙamarsa, wato takardar izinin zama, da ta iyalinsa duk a hannun mutumin suke. Ya ce ko mu ratse garin da ke gaba mu nemi kantin magani.

A nan na yi kuskuren da ya fi na farko muni. Ban san komai game da maganin ba, amma na buɗe baki na ce masa magani ba nono ba ne da zai lalace a wuni ɗaya. Na tuna masa sharaɗin shugaban tafiya, na ce idan muka ratse sai an tambayi dalili, asirinsa kuma ya tonu a gaban mutanen da suka san kafilinsa. Ya ce tunda na faɗa, shi ke nan. Ya saba yarda da ni a kan inji, sai ya yarda da ni a kan jikinsa.

Mun isa lafiya, aka yi taro ranar Alhamis, babura iya ganinka. Ni ina ta yawo ana nuna ni ana cewa ga makaniken Jidda. Yaya, wanda ya shekara biyu yana mafarkin wannan rana, yana zaune a inuwa da jarkar ruwa, ya sha ya zaga ya yi fitsari, ya dawo ya sake sha. Da yamma ya ce mini yana jin kamar allurar ba ta aiki, idonsa yana hazo. Na ce iskar dutse ce, kowa haka yake ji, amma bari in gama da babur ɗin shugaba in raka shi kantin magani. Na gama, aka ja ni cin gasasshen nama, na manta. Shi kuma bai sake tuna mini ba.

Ranar Juma'a muka kamo gangara. Yaya yana gabana, ina biye a kan nawa babur, ina ganin yadda yake lilo a kan layi, ina cewa a raina idan mun sauka zan yi masa magana. A wata kwana bai karya ba, bai ma taka birki ba, ya tafi kai tsaye ya daki ƙarfen gefen hanya, babur ɗin ya danne masa ƙafar dama. A asibiti likita ya ce sugansa ya hau ƙwarai, ya tambayi inda ake ajiye allurar. Yaya ya dube ni, ya ce wa likita shi ne ya manta fulas ɗin a Jidda. Haka ya gaya wa Anti ma. Raunin ya ƙi warkewa saboda ciwon, bayan wata biyu aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Aikin tuƙi ya ƙare, iƙama ta bi shi, suka tattara suka koma gida da 'ya'ya huɗu.

Kafin su tafi Anti ta yi mini godiya har da hawaye, wai ni na tsaya a kan mijinta a asibiti. Ta ce abin da ke ci mata rai shi ne sakacinsa, bayan ta kwana biyu tana haɗa masa ƙanƙara. Ina tsaye ina jin ta, ban gaya mata gaskiya ba. Da na je wa Yaya da maganar a keɓe, ya ce ya yafe, abin da Allah ya rubuta ne, kuma kada in kuskura in gaya mata, don ba ya so ta tsane ni.

Bayan tafiyarsu ina share kanta na ci karo da jan fulas ɗin. Na buɗe, sai na ga abin da ban duba ba ranar Talatar nan. A cikin murfin Anti ta manna 'yar takarda da salatif, ta rubuta da Larabci yadda kowane mai shago a hanya zai iya karantawa, cewa maganin mara lafiya ne, don Allah a taimaka a ƙara masa ƙanƙara. Na zauna a ƙasan warsha na yi kukan da ban yi ba ko a asibiti.

Yaya ya rasu shekara huɗu da komawarsu. Har yau ina aika wa iyalinsa abin da ya sawwaƙa, Anti tana sa mini albarka a waya, ni kuma kowace albarka nauyi take ƙara mini. Abin da na koya shi ne ƙwarewa a sana'a ɗaya ba ta ba mutum izinin magana a kan abin da bai sani ba. Ina kira ga 'yan'uwa, idan aka ba ku kayan wani ku haɗa aka ce kada ku taɓa wani abu, to ku bar shi ko da ba ku ga dalili ba. Idan abokin tafiya ya ce jikinsa ba daidai ba, ku tsaya, ayari ya yi ta tafiyarsa. Masu ciwo kuma ku daure ku gaya wa ko da mutum ɗaya kafin a kama hanya. Fulas ɗin yana nan a kan kantata, kuma har yanzu ban iya cire takardar ba. Ku taya ni roƙa wa Yaya rahama.