Gurnetin da Bai Amsa wa Tsoho Gu Ba

Tun ina amarya a ƙauyen Shiwan nake sana'ar awara, kuma tun lokacin tudun da ke bayan gidajenmu na sojoji ne. Sun kewaye shi da waya. Da kaka ta yi sai su zo da manyan motoci su yi ta harbi, kajinmu su daina ƙwai, mu kuwa mu ci gaba da harkokinmu. In sun tashi sai su sauko su saye mini awara har ƙasan faranti. Ba na riƙe fuskokinsu, duk kai a aske, duk yunwa iri ɗaya. Amma na riƙe Gu Shuanbao, don shi kaɗai ke karkata kai ya miƙo kunnen hagu in ana masa magana, kuma kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka.

Bindigarsa ce ta mai da shi haka. A rukuninsu na mutum goma, shi ke ɗaukar bindigar harba gurneti, wata ƙatuwa mai gwangwani a ƙarƙashi inda ake jera gurnetocin. Duk harbi ɗaya sai ta doke shi a kafaɗa, ta kuma yi masa tsawa a kunnen dama. Amma yana ji da ita kamar me.

"Yaya," yakan ce mini, baki cike da awara, "in abokan gaba suka laɓe bayan dutse, ƙananan bindigogi ba sa kai musu, kin san wa ake kira? Ba saje ba. Ni."

"To sannu, sarkin yaƙi. Goge bakinka, yaji ya kai maka har hanci."

Shi ya fara bayyana mini cewa harbinsu ƙara biyu ne. Ta fari a kafaɗarka, in gurneti ya fita. Sai ka riƙe numfashi kaɗan, ta biyu ta dawo maka daga kan tudu, in ya fashe. Gaisuwa ce da amsa, in ji shi. Ba a yarda da ido, don ƙura da hayaƙi na ruɗi; da kunne ake aikin. Mai harbi na saurare, mataimakinsa mai ɗaukar gwangwanaye na saurare. Wanda ya fita bai amsa ba, shi suke kira bebe. Bebe yana nan kwance da ransa cikin ƙasa, kuma dokarsu ita ce ba a barin fili sai an nemo shi, an kafa masa jar tuta, masu kwance bam sun zo sun tayar da shi.

Ranar da abin ya faru ba na wurin, daga baya na ji daga bakinsa, kuma na ji har na gaji. Sojoji na da al'ada: waɗanda suka gama wa'adinsu, a fitarsu ta ƙarshe ana barinsu su yi harbin bankwana, kowa da makaminsa, a lokaci guda, don tudu ya san sun tafi. Gu na cikin masu tafiya. Aka jera su, aka ba da umarni, tudu ya kama rawa. Gu ya ce duk da wannan hayaniya yana bin nasa ɗaya bayan ɗaya, yana jin amsarsu. Ya saki na ƙarshe, ya riƙe numfashi. Shiru.

Ya juya ga mataimakinsa, wani Nie.

"Ka ji?"

"Na ji. Ya fashe."

"Bai fashe ba."

"Haba Yaya Gu, kunnenka ɗaya ne fa, nawa biyu. Tashi mu je, an ɗora jiaozi a kan wuta."

Jiaozin bankwana ke nan, ƙullin fulawa da nama da ake dafa wa duk mai tafiya. Gu bai ci ba. Ya je ya gaya wa saje, kuma a yi adalci, saje bai yi wasa ba. Masu kwance bam suka hau da na'urorinsu, kafin la'asar suka sami bebe a gindin wata ƙaya. Aka kafa tuta, aka kira Gu ya duba daga nesa. Ya duba ya ce ba nasa ba ne. Wannan ya yi tsatsa, ya daɗe a ƙasa; nasa sabo ne ful, da safen nan ya goge shi da hularsa. Saje ya ce bebe ɗaya aka ce ya ɓata, bebe ɗaya aka samu, magana ta ƙare. Aka tayar da shi. Washegari aka maƙala wa Gu jar fure a ƙirji, aka buga musu ganga, aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa garinsu can lardin Gansu.

Na manta da shi, gaskiya. Shekaru suka wuce, sojoji suka koma wani fili, suka share tudun da na'urori, suka kwashe wayarsu, suka ce namu ne yanzu. Ba a rufa wata ba, ina tace madarar waken suya da safe, na ga mutum tsaye da ƙunshin kaya, kai a karkace.

"Yaya, akwai ɗakin haya a garin nan?"

"Kai! Sarkin yaƙi? Me ka manta a nan?"

Ya ɗaga kai ya dubi tudu.

Kiwon awakin gari aka ba shi, don ba mai son aikin. Yana kai su ko'ina ban da tudun. In an yi ruwa, ƙasa ta zaizaye, sai ya ɗaure awaki ya hau shi kaɗai, da tutocinsa na guntayen jan ƙyalle ɗaure a tsinke, yana tafiya a hankali idonsa a ƙasa. Ya kwaso ɓarɓashin ƙarfe da ya isa cika rumbu. Ya taɓa samun bebe na wata bindiga daban, aka kira sojoji suka tayar, ya tsaya ya kalla, ya girgiza kai. Tun ana tausayinsa har ya zama abin tsokana. A Shiwan ba a tambayarsa ya kwana lafiya, sai dai a ɗaga murya:

"Tsoho Gu! Ya amsa?"

"Tukuna."

"Ƙila fushi yake, kai masa barasar dawa!"

Yana da mata a Gansu. Ta zo sau ɗaya, goye da 'yarsu, ta kwana a gidana a kan gadonmu na ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Mace mai hankali, ba ta ɗaga murya. Ta ce ko lokacin da yake can gida, hankalinsa ba ya tare da su. In ta rufe murfin tukunya da ƙarfi sai ya tsaya cak yana jira. Ta roƙe shi ya koma, ya ce bayan damina. Ta tafi ita kaɗai. Ranar na zage shi tas, ban bar masa komai ba. Na ce wane irin namiji ne zai bar mace da ɗiya don guntun ƙarfe? Ya bari na gama, sannan ya ce:

"Yaya, da hannuna na aje shi a can. In wani ya taka, wa ya kashe shi?"

Har yau ina jin haushinsa a kan matar nan, kuma har yau ban sami amsar da zan ba shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon nasa na yaɗuwa. Kullum da rana yana zama a bencina, bayansa ga tudu, ya ci awara da kunun gero. In ƙofa ta buga sai tsinken cin abincinsa ya tsaya a iska. Ina ganin haka shekara da shekaru, sai wata rana na kama kaina ina yi. Guga ya faɗa rijiya, na riƙe numfashi. A sabuwar shekara, in aka gama fasa abin wasan wuta gari ya yi tsit, wannan shirun ne ke tsorata ni. Nakan dubi tudun, dusar ƙanƙara ta rufe shi fari fat, in ji kamar akwai wanda ke kwance can yana saurarenmu.

Kunnen hagun ma ya bi na dama, a hankali. Da fari sai an yi ihu. Daga baya ko ihu ba ya kaiwa, sai dai ya kalli leɓenka ya tsinci abin da ya tsinta. Masu tsokana ba su daina ba, shi ma bai daina ba su amsa ba, don ya san tambayar tun kafin a buɗe baki.

Bana mai gari Pang ya ce za a yanka tudun hawa-hawa a dasa tuffa. Ba laifinsa, samarinmu duk sun gudu birni, gari na bukatar abin da zai riƙe su. Aka ba da aikin ga mai katafila ɗaya tilo a garinmu, wato ɗana Jinsuo, magidanci da 'ya'ya biyu. Ranar da na ji, sai da madara ta ƙone mini a kan wuta.

Gu ya je ya tsaya a ƙofar mai gari. Pang ya sa baki dab da fuskarsa yana nuni da hannu:

"An share! Sojoji da kansu sun share! Kai kanka ka fi shekara ashirin kana sharewa! Me kuma ya rage?"

"Nawa ya rage, mai gari."

"Naka ya ruɓe, ya zama taki!"

Na kira Jinsuo na ce ya bar aikin. Ya yi dariya.

"Inna, ke ma kin kamu? In na ƙi, wani za a kawo daga gari na gaba. Shi ba uwa ce ta haife shi ba?"

Aka sasanta haka: Gu zai riƙa tafiya a gaban katafila yana duba ƙasa, inda ya wuce nan Jinsuo zai sara. Haka suka yi ta yi, tsoho a gaba da tutocinsa, ƙatuwar mota na rarrafe a bayansa, mai gari na cizon yatsa don an biya kuɗin dashe kuma ruwa ya kusa. In rana ta take, Jinsuo kan kashe inji, ya yi wa Gu alamar cin abinci da hannu.

"Sauka ka ci, Baffa Gu. Ba zan taɓa ba sai ka dawo."

Ran nan Gu ya sauko kamar kullum. Na zuba masa, ya zauna, bayansa ga tudu. Can sai na ji injin ya tashi. Daga baya na ji Pang ne ya hau ya ce ɗan gefen nan ai babu komai, a rage aiki kafin tsoho ya dawo. Ina tsaye da ludayi ina tunanin ko in taɓa kafaɗar Gu, sai ƙarar ta zo. Ba ta ma yi ƙarfi ba. Dum, sau ɗaya, kamar an yar da buhun waken suya daga kan soro. Karnuka suka ɗauka. Ludayi ya suɓuce mini.

Gu ya ɗauki wani yankan awara, ya tsoma a yaji, ya kai baki.

Ban san da wace ƙafa na hau tudun ba. Na iske Jinsuo zaune a ƙasa, gilashin motar ya tarwatse, jini na bin hannunsa, wani kuma a goshi. A ƙarƙashin bakin katafila abin ya fashe, ƙarfen ya tare mafi yawa. Yana da rai, yana magana, har yana ce mini in daina kuka mutane na kallo. Pang na gefe, fuskarsa fari fat, ya kasa kunna taba. Aka ɗauki Jinsuo a mota zuwa asibiti, matarsa ta bi. Sojojin da suka zo daga baya sun ce ɓarɓashin irin na bindigar harba gurneti ne, amma na wa, na wace shekara, ba mai iya faɗa.

Da na sauko, rabin gari ya taru a ƙofata, sun yi cirko-cirko, ba wanda ya iya matsawa kusa da shi. Ya gama cin abinci, yana jera tutocinsa, yana kallon mutane da mamaki. Ya ga jinin da ke rigata. Na durƙusa a gabansa, na kama fuskarsa da hannu biyu don ya ga bakina sosai.

"Ya amsa, Gu. Ya fashe. Jinsuo na da rai. Shi ke nan, ka gama. Koma gida wurin ɗiyarka."

Ya daɗe yana kallon leɓena. Na maimaita. Mutane suka yi ta gyaɗa masa kai, wasu na buɗe hannuwa suna kwatanta fashewa, har da waɗanda suka fi kowa tsokanarsa. Na ga idanunsa sun kawo ruwa, na ce a raina to, an zo ƙarshe.

"Ke kin ji, Yaya?"

"Da kunnena. Kowa ya ji."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya zare fuskarsa daga hannuna.

"Haka Nie ma ya ce."

Ya tattara tutocinsa, ya aje kwanon a inda yake ajewa kullum. Mutane suka dare suka ba shi hanya, ya kama hanyar tudu, kai a karkace.