Kumfar Aro a Gangar MamCirha

Shekararta goma sha tara aka kawo MamCirha aure ƙauyenmu, can cikin tsaunukan bayan Cofimvaba. Abu na farko da uwar mijinta ta nuna mata ba murhu ba ne, ganga ce. Gangar katako, baƙa wuluk, a tsaye a ƙuryar babban ɗaki inda baƙo ba ya zama.

"Ruwan sanyi kawai za ki riƙa ɗauraye ta da shi," in ji tsohuwar. "Ran giya a jikin katakon yake. Ranar da sabulu ya shiga cikinta, kin kashe ta."

Shekara arba'in da shida MamCirha ta yi tana haɗa giyar masara da tsiron dawa a gangar nan. Mijinta ya tafi haƙar ma'adinai, ya dawo da tari, tarin ya tafi da shi. 'Ya'ya biyar ta haifa. Biyu ta binne, mata biyu aure ya kai su nesa, saura Vuyisile, shi ma yana ramin ma'adinai a Rustenburg, sai Kirsimeti ake ganinsa. A duk shekarun nan, biki ko makoki, giyarta ba ta taɓa kwanciya ba. Mu kuwa mun san abin da hakan ke nufi. Giya in ta tashi ta yi kumfa, magabata sun amsa. In ta yi shiru, akwai abin da suka ƙi.

Abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi, wata rana ina gyara mata rufin ɗaki. Ta ce ta zaɓe ni ne don ta lura bakina a rufe yake.

Matar Vuyisile, Nosakhe, yarinya ce mai shiru, 'yar gidan masu zuwa coci waɗanda ko warin giya ba sa so. Ta haifi namiji a ƙarshen Yuli, tsakiyar sanyi a ƙasarmu. Vuyisile kuwa a Disamba ya zo gida. Asibiti suka ce bakwaini ne.

Kwana goma sha biyu da haihuwa sai ga Nozibele, ƙanwar marigayi mijin MamCirha, wadda duk wata al'ada ta gidan sai da bakinta ake yi. Ta karɓi jaririn, ta ɗaga shi sama tana gwada nauyinsa kamar mai zaɓen kabewa.

"Bakwaini," ta ce. "To, madalla. Nawa na wata tara bai kai shi ba."

"Nono ne, Sisi," in ji MamCirha. Haka ake kiran 'yar'uwa a wajenmu.

"Nono kam yana aiki a gidan nan. Waɗannan kunnuwan fa, na wa ne?"

"Kunnen jariri ai bai gama zama ba."

Nozibele ta miƙa wa uwar ɗanta ba tare da ta dube ta ba. "Ni ba zan ce komai ba. Ki ɗora giya, a yi masa imbeleko ranar Asabar ta sama. Masu gida za su faɗa da kansu."

Imbeleko shi ne ranar da ake yanka wa jariri akuya a garke, a nuna shi ga magabata, a sha giyar murnar zuwansa. In giyar ba ta tashi ba, ba za a taɓa akuyar ba. Nosakhe za ta ɗaure kayanta ta koma gidansu, yaron kuma ya tashi ba shi da suna a gidan da aka haife shi.

Ranar Talata MamCirha ta jiƙa gari da tsiro. Laraba ta dama shi a manyan tukwanen ƙarfe, ya yi kauri kamar kunu, ta bar shi ya huce. Alhamis ta juye a ganga, ta ƙara tsiro, ta juya da sanda, ta lulluɓe da bargo. A ranar Vuyisile ya sauka daga mota. Ya gaida uwarsa, ya leƙa ɗakin mai jego daga bakin ƙofa, sai ya wuce garke ya kama gyaran wayar shingen da ba ta lalace ba. Bai ɗauki yaron ba.

Juma'a da safe ya kamata tun daga tsakar gida a ji gangar tana tsuwa. MamCirha ta shiga, ta kara kunne a jikin katakon. Shiru. Ta yaye bargo, ta tarar da abin a kwance, ko ƙwayar kumfa babu. Ta ƙyasta ashana ta zura a bakin gangar. Giya mai rai numfashinta kan kashe wuta nan take. Wannan ashanar ta ci gaba da ci har ta ƙona mata yatsa.

Ta ƙara bargo biyu, ta jawo kaskon garwashi kusa. Tana cikin haka Nozibele ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ba na jin komai."

"Sanyi ne, Sisi."

"Bana aka fara sanyi a ƙauyen nan?" Nozibele ta gyara mayafinta. "Zan gaya wa maza kada su yi saurin wasa wuƙa."

Da ta tafi, MamCirha ta sunkuya ta shinshina bakin katakon. Duk makon mura ta toshe mata hanci, ga idonta ya yi rauni, ɗakin kuma da duhu. Sai yanzu ta ji shi. Can ƙarƙashin ƙamshin tsiro, akwai ƙamshin sabulu.

Ta sami Nosakhe tana ba da nono.

"Yarinya, kin taɓa gangar can?"

Nosakhe ta gyara wa jaririn kwanciya. "Ranar da kika tafi gari ne, Mama, kafin in haihu. Ma'aikaciyar asibiti ta ce a tsabtace komai kafin jariri ya zo. Na ga cikinta ya yi baƙi. Na tafasa ruwa, na sa sabulu, na kankare ta da soson ƙarfe. Na ɗauka za ki ji daɗi."

MamCirha ta zauna a bakin gado.

"In je in faɗa wa Dadobawo?" in ji Nosakhe. Haka take kiran Nozibele.

"Ki faɗa mata me? Za ta ce magabata ne suka kama hannunki suka sa kika tona wa kanki asiri."

Akwai wata tambaya da ta zo mata har baki a lokacin. Ta ce da ni ta dubi yarinyar, ta dubi kan jaririn yana gumi a jikin nono, sai ta haɗiye ta. Har yau ba ta yi ta ba.

Maganin matacciyar ganga ɗaya ne: a zuba mata giya mai rai, ko kofi biyu ne, ta kama. A ƙauyen duka gida ɗaya ne ke da giya mai rai a ranar, gidan MaGaba a hayin rafi, wadda ke sayarwa. A gidan su Vuyisile kuwa ba a taɓa gauraya giyar magabata da ta wani dangi ba, balle ta sayarwa. In an gauraya, magabatan wa ke amsawa? Sannan shekarun baya, a wani biki, MamCirha ta taɓa cewa a gaban mata ruwan batir MaGaba ke sa wa giyarta. Tun daga nan ba sa gaisawa.

Da hantsi ta ɓoye butar shayi a cikin bargonta, ta ce za ta aron rariya. Ta tarar da MaGaba a bayan ɗaki tana matse dusa.

"A'a. Yau wace rana? Uwar masu tsarki a gidan batir?"

"Ina kwana, MaGaba."

"Lafiya lau. Ba ki ɓata hanya ba dai?"

MamCirha ta fito da butar. "Kofi biyu nake so. Daga wadda ke tashi."

MaGaba ta goge hannu a zani, ta dubi butar, ta dubi hayin da gidan su Vuyisile yake, inda aka ɗaure farar akuya a bakin garke. Dariyar ta bar fuskarta.

"Ba gobe ne na jaririn ba?"

"Gobe ne."

"Ta ƙi tashi ke nan."

"An wanke gangar ne."

"To," in ji MaGaba. "An wanke ta." Ta karɓi butar ta shiga ɗaki, ta cika ta har wuya. MamCirha ta soma kwance bakin zani, sai ta riƙe mata hannu. "Bar shi. Wannan ba ta sayarwa ba ce. Kyauta ce daga gidana zuwa ga yaron."

MamCirha ta ce da ni, da ma MaGaba ta karɓi kuɗin.

Ta dawo ta bayan gida, ta juye butar a ganga, ta juya, ta rufe. Ba ta yi wa magabata magana ba kamar yadda ta saba in tana juya giya. Ba ta san da wane baki za ta yi ba.

Da gari ya waye Asabar, kumfa ta ɗaga barguna uku ta gangaro har ƙasa. Nozibele da kanta ta ƙyasta ashana. Wutar ta mutu tun kafin ta kai bakin gangar. Ta ƙyasta ta biyu, ita ma haka. Sai ta ce, "Sun faɗa. A kawo rariya."

Aka tace. Aka zuba ta farko a gindin turken garke. Akuya ta yi kuka da ƙarfi, alamar magabata sun karɓa, maza suka amsa. Vuyisile ya karɓi ɗansa a karon farko, ya riƙe shi a karkace kamar zai fashe, aka kira shi Lonwabo. Nosakhe tana bakin ƙofa tana kuka, mata suna yi mata tsiya.

Bayan azahar, gwangwanin giya yana zagaya mata, sai ga MaGaba ta shigo. Giyar biki ba a hana kowa. Ta zauna kusa da Nozibele, ta kurɓa, ta juya ta a baki.

"Wannan giyar kamar na san ta."

"A ina za ki san ta?" in ji Nozibele. "Taki ai makogwaro take yanka."

MaGaba ta dubi MamCirha ta saman gwangwanin, ta daɗe tana dubanta. "Haka ne, Sisi. Tsufa ne, harshe ya fara ruɗewa." Ta miƙa hannu. "Ku ba ni yaron nan in gan shi."

Lonwabo yanzu shekararsa huɗu. Yana bin kakarsa duk inda ta sa ƙafa, Nozibele ma ta fara cewa tafiyarsa irin ta yayanta ce. MaGaba kuwa tana shigowa gidan ba sallama. Takan kawo wa yaron alewa, ta ɗora shi a cinya, ta ce masa "ɗan gidana." Tana shan abin da take sayarwa, kuma in ta sha, ba ta san iyakar bakinta ba. Sau biyu aka ji ta a cikin masu shaye-shaye tana cewa akwai labarin da in ta ba da shi, wani gida zai watse. Har yanzu ba ta ba da shi ba.

MamCirha ta nuna mini hayin rafin da haɓarta.

"Kullum in na tashi, can nake fara dubawa, in ga ko hayaƙi ya tashi a gidanta," ta ce. "In na gan shi, na san ta kwana lafiya. Ban san me nake fata in gani ba, ɗana. Shi ne abin da ya fi ba ni tsoro."