Shingen da na yi wa darni

Jiya ina tsugune ina ɗaure kara, Inna ta tsaya a kaina.

Bara na dasa itacen shinge a bakin gidanmu na Gazawa, irin wanda ganyensa ba ya zuba ko da rani, don mu huta da sabunta darni. Awakin unguwa suka sa shi gaba, dole na kewaye shi da wani darnin.

Ta ce, "Ana miya da shi?"

Na ce a'a.

"To ɗan nan, kai da darnin kuna tsaronsa. Shi me yake tsaro?"

Yau ma sai da na ba shi ruwa. Wanda ya taɓa dasa shi, don Allah yaushe yake fara aikinsa?