Mai Ƙanƙara na Bakin Iyaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran mutumin da duk direban motar kifi ya sani da Mai Ƙanƙara. Ya rasu a gidansa bayan gajeriyar jinya, wadda shi bai taɓa yarda a kira ta jinya ba.

Yaya Mai Ƙanƙara, ni direba ne, ban iya tsara magana ba, kai ma ba ka son tsari. Tun ina sabon shiga nake tsayawa a masana'antarka a zuba mini ƙanƙara kafin in haye iyaka. A lokacin ƙasarmu na cikin ƙungiyar kasuwanci ta maƙwabta, hayewa ba ta wuce ɗaga wa jami'i hannu ba. Kai ne kan gaba wajen cewa mu fita, har motarka ka bayar aka ɗora lasifika. Na ce maka za mu sha wuya, ka ce, "Kai dai ja motarka, matsoraci."

Aka fita. Makon farko ka zuba mana ƙanƙarar wuni guda yadda hannunka ya saba, mu ma ba wanda ya nemi ƙari. Muka yi ta kwana a layin kwastan har kifin ya ruɓe, muka zubar. Ba ka ɓuya ba. Ka ɗauko baro da kanka kana bin layi mota-mota, kana ƙara wa kowa ƙanƙara kyauta, ruwa na zuba a ƙafarka. Shekaru ka yi a haka, har gwiwa ta gaza.

Sai dai wahalar ba a layi ta tsaya ba. Masu sayen kifinmu na ƙetare suka gaji da jira, suka sami wasu. Motoci suka ragu, samari suka watse, har babban ɗanka ya haye can neman aiki. 'Yan siyasar da kuka yi wa yawo da lasifika sun hau kujeru, yau su ne ke cewa a koma ƙungiyar a roƙa, ko kunya babu. Kai kuwa abu ɗaya ka riƙe: kada injin ƙanƙarar nan ya mutu, don gidaje bakwai ke ci a jikinsa. Na taɓa tsokanarka ko ka yi nadama, ka harare ni ka ce, "Na yi. To sai me? Miƙo min sifana."

Watan jiya injin ya tsaya, kuma ƙarfen da ya lalace a ƙetare kawai ake ƙera shi. Ɗanka ya saya ya ɗauko da kansa, aka tsare shi a iyaka ana neman izinin shigo da kaya. Kana kwance kana tambayar ko ya iso. Ya iso bayan mun dawo daga maƙabarta, da ƙarfen a jaka. Bai zauna karɓar gaisuwa ba sai da ya ɗaura shi a injin.

Injin ya tashi, Yaya. Ma'aikatanka sun cika ɗakin sanyi da ƙanƙara, amma har yau mota ɗaya ce ta tsaya saye, tawa. Wallahi raina ya ɓaci, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Allah Ya gafarta maka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka, 'ya'yanka da ma'aikatanka. Allah Ya ba su haƙuri, Ya buɗa musu wata hanyar abinci. Amin.