Jimla Goma a Kan Babana

Malamin Ingilishinmu mutumin Bamenda ne, gajere mai tumbi, kullum hannunsa fari fat da alli kamar mai tuƙa tuwo. Ya zo mana ina aji uku a kolej, lokacin da aka matsa cewa tun da an haɗe ɓangaren masu Faransanci da na masu Ingilishi an zama ƙasa ɗaya, dole kowane ɗan lekol, wato ɗan makaranta, ya iya harsunan biyu. Mu 'yan unguwar Brik ta Yawunde muna da Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a aji, ga Pidgin da muke tsinta a bakin masu sayar da rogo. Ingilishin littafi kuwa ban san mai jin sa a unguwarmu ba. Haka na ɗauka, kuma wannan ɗaukar ce ta kai ni ta baro.

Wata Talata ya rubuta kalmomi biyu a allo: used to. Ya ce in Bature zai faɗi abin da ake yi a da amma yanzu an daina, su yake sawa kafin aikin. "I used to play football," in ji shi, ya shafa tumbinsa, aji ya kwashe da dariya. Sannan ya ja mana kunne cewa ba a sa su a kan abin da har yanzu ake yi, sai abin da ya ƙare. Aikin gida kuma, kowa ya rubuto jimla goma a kan wani babba na gidansu.

Babana maɗinkin hannu ne. Aska takwas da tambari, in ya zauna musu a kan babbar riga, har daga unguwar Tsinga manyan ma'aikata ke gangarowa cikin jar lakar unguwarmu su bi layi. Shagonsa zauren gidanmu ne, kuma al'adar sana'ar ita ce maigida ya zauna a bakin ƙofa da riga a kan gwiwa, kowa ya ga hannun da zai biya. Sunan hannun ake saye, ba zaren ba.

Shekara biyu ke nan idonsa na tafiya. Da farko ni yake kira in zura masa zare a allura, yana cewa hasken damina ne ba shi da kyau. Daga baya ko an zura, sai ya soka inda ba nan ba. Sai aka yi shiri a cikin gida ba tare da kowa ya furta shi ba: Baffa, ƙanensa, shi ke ɗinkin a ɗakin baya, Baba kuma ya zauna a ƙofa da rigar da aka kusa gamawa, yana kai allura yana kawowa a gefen da Baffa zai warware in an rufe zaure. Inna ta ce mana, "Wanda ya kai maganar nan waje, ban yafe masa nonona ba." Ko a tsakaninmu ba ma cewa makanta, sai dai mu ce idon Baba ya gaji.

Ni kuwa abin ya cika mini ciki. Ina da shekara goma sha biyar, ga baki kamar reza, ga abin da aka hana ni faɗa. Da na buɗe kaye, wato littafin rubutuna, na ga kalmomin nan biyu, sai na ji kamar don ni aka ƙera su. Ban ko yi tunani ba, hannuna ya yi ta tafiya. My father used to thread his needle. My father used to see the road. My father used to sew the gowns himself. Haka har goma. Na ji sanyi a raina da na gama. A ganina ban karya dokar Inna ba, don ban kai magana waje ba, na zuba ta ne a cikin harshen da ba kowa a ciki.

Malam ya ba ni sha takwas cikin ashirin, da jan biro, har da ja masa layi biyu. Wautar da na yi ita ce na shigo gida ina ɗaga kayen sama.

"Dix-huit sur vingt, Baba! A Ingilishi!"

"Kai, uwata!" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya karɓi kayen ya shafa shi, ya sa ƙarƙashin buzun da yake zaune a kai. Mutanen unguwa sun sha gaya masa cewa sa 'ya mace a kolej asarar kuɗin takalmi ne, don haka ya samu abin nunawa.

Washegari ba lekol da rana. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji sallamar wani Alhaji, mai sayar da kayan mota, wanda bai fi shekara da zuwa daga Jos ba. Ya ba da riga ta Babbar Salla, ya zo duba inda aka kai. Suka gaisa, suka taɓa zancen ruwan sama. Sai na ji Baba yana cewa, "Alhaji, ku da kuka yi boko a Najeriya, ga Turancinku nan 'yata ta kwaso. Karanta mana mu ji."

Tiren shinkafar ya kusa suɓuce mini. Wallahi ko sau ɗaya bai taɓa faɗo mini a rai ba cewa rabin masu shigowa zauren nan daga Najeriya, ƙasar masu Ingilishi, suka fito. Kullum da Hausa nake jin su, sai na ɗauka Hausar ce kaɗai a bakinsu. Na lallaɓa na tsaya bayan labule.

Alhaji ya gyara murya, ya karanta ta farko da ƙarfi, da irin taƙamar wanda aka tuna da iliminsa. Ya shiga ta biyu, muryar ta ragu. Ta uku bai ƙarasa ta ba. Ta ɓular labule na ga ya ɗaga kai ya dubi idon Baba, ya dubi allurar da ke hannunsa, ya daɗe yana duban ta.

"To, me ta ce?" in ji Baba, yana murmushi.

"Cewa ta yi... mahaifinta gwani ne, Malam. Ta ce babu allura irin tasa a Yawunde. Allah ya yi mata albarka."

Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Amma kafin ya tashi sai ya ɗauki rigarsa ya juya cikinta, ya bi bayan ɗinkin da yatsa a hankali, abin da ba a taɓa yi wa Baba ba tun da na yi wayo. Wanda idonsa ya gaji kunnensa ba ya gajiya. Baba ya ji motsin rigar, ya kuma ji shirun da aka yi kafin amsa.

Da takun Alhaji ya yi nisa, ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Uwata, fito daga bayan labulen nan. Zauna. Mayar mini da shi Hausa, ɗaya bayan ɗaya, kada ki tsallake."

Na so in yi ƙarya irin ta Alhaji, na rasa ta inda zan fara. Na karanta. Da babana shi ke zura zarensa. Da babana yana ganin hanya. Da babana shi ke ɗinka rigunan da kansa. Ina yi ina kuka, majina har kan takarda, shi kuwa yana ƙirgawa da yatsu. A Hausa sun fi nauyi nesa ba kusa ba. Ta goma ita ce, da babana yana gane ni tun daga bakin layi in na taso lekol.

Ina gamawa aka kira la'asar a masallacin unguwa.

"A ciki akwai wadda kika yi ƙarya?"

"Babu, Baba."

"To malaminku bai zalunce ki ba. Me ya hana shi cika miki ashirin ɗin?"

Bai dake ni ba, bai gaya wa Inna ba, kuma na fi son a ce ya yi duka biyun. Har yau ban san ko Alhaji ya faɗa wa wani ba. Ina zaton bai faɗa ba. Baba ne bai jira a faɗa ba. Da safe ya sa aka fito da tabarmar Baffa daga ɗakin baya aka shimfiɗa ta a bakin ƙofa, inda haske yake. Duk wanda ya shigo, kafin a gama gaisawa zai ce, "Ɗinkin na ƙanena ne, shekara biyu ke nan. Wanda yake son kayansa ya ɗauka, ba komai." Wasu suka ɗauka. Mutanen Tsinga suka daina gangarowa.

A safiyar nan na fito da jakata zan wuce lekol, na durƙusa na gaishe shi. Yana zaune a kan buzunsa can cikin zaure, ba riga a gwiwarsa, hannayensa biyu a ajiye kamar baƙi. Ya laluba ƙarƙashin buzun ya zaro kayen ya miƙo, ba daidai inda nake ba, ɗan gefe kaɗan.

"Ungo, uwata," ya ce. "Kada ki manta da aikinki."