Ramin Tautau

Kwana arba'in ke nan da rasuwar ɗana Bashir. Mota ce ta buge shi a hanyar Ƙuba, nan Madina. Direban wani matashi ne ɗan Chadi mai raba burodi, an tsare shi. Mahaifin Bashir ya yafe tun ranar jana'iza. Saura ni: sai na sa hannu a takardar tanazul, wato na bar haƙƙina, kafin a sake shi. Na daɗe ina kasawa, kuma duk kwanakin nan Kaka nake tunawa.

A unguwar Ƙurban muka tashi. Lokacin sanyi, bayan magariba, Kaka takan hura gawayi a kasko a saman bene, ta ɗora shayi da na'ana, mu jikoki mu kewaye ta. In ta buɗe tatsuniya da cewa, "Ga ta nan ta iso, wa zai buɗe mata ƙofa?" sai mu ce da Larabci, "Tafaddali, ya sitti!" wato bismilla, kaka.

Sai ta harare mu. "Sitti tana gidan maƙwabta. Ni Kaka ce, ja'irai masu bakin aro."

Labarin da ya fi zauna mini na wata uwar tautau ne, babban gizo-gizon nan mai gashi. Raminta yana gindin dabino, cike da 'ya'ya. Wata rana ta fita neman abinci, maciji ya biyo da yunwa, ya zura kai ya lashe su duka. Ta dawo ta tarar ba kowa. Ta zauna a bakin ramin, ba ci ba sha, har ranar da wani ɗan maciji, siriri kamar zaren carbi, ya ɓace hanya ya zo gabanta.

Nan Kaka takan tsaya ta juya garwashi.

"Ta cinye shi, Kaka!" in ji ni. Na fi kowa zafi.

"Ta cinye shi kuwa, Halima. Ta sare shi, ta tsotse shi tas. Ta koma ciki ta kwanta. Cikinta ya cika, ramin bai cika ba."

"To wane ne mugun?"

"Ni ban ga mugu ba. Macijin ma abinci ya fito nema. Ku sha shayinku ya huce."

Haushi nake ji a lokacin, ina ganin ta hana mu ƙarshen labari. Sai da na girma na ji cewa ta binne 'ya'ya biyu a hanyar zuwa hajji, tun kafin ta ga Madina. Ba ta taɓa gaya mana ba.

Yau da safe na je mahkama, wato kotu, na sa hannu. Uwar direban ta biyo ni har waje tana kuka, tana neman sumbatar kaina. Na riƙe hannunta. Na dawo gida na buɗe ɗakin Bashir, ba kowa. Da na ƙi sa hannun ma, haka zan same shi.