Wasiƙar da Malam Haladu Bai Aika Ba

Har na bar aiki ban manta da ranar da na ɗaga wani farin ambulan daga ƙasan adakar Malam Haladu ba. A lokacin ina mataki na takwas, jami'in adana takardun tarihi a ƙaramin ofishinmu na Birnin Kudu. Shugabar sashenmu Hajiya Rabi ce, mace mai bin ƙa'ida sau da ƙafa.

Malam Haladu tsohon malamin firamare ne a Sara ta ƙasar Gwaram, kuma marubucin waƙoƙi. Ya yi rubutu da boko da ajami, an sha karanta waƙoƙinsa a rediyo. Bayan rasuwarsa da wata huɗu, matarsa, Inna Dije, ta aiko cewa gara ta fara taɓa takardunsa, a zo a ɗauka kafin su lalace. Ni aka tura.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda ake yi. Magada za su sa hannu a takardar yarjejeniya cewa sun miƙa kayan ga hukuma. Daga wannan rana ko ƙyallen takarda ba ya fita sai da izinin shugaba a rubuce. Sannan a kakkaɓe kowace takarda, a cire ƙarafunan da suka yi tsatsa a jikinta, a ba ta lamba da fensir, a shigar da ita rajista: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, yaushe. Ba a sake wa takardu tsari. Yadda mai su ya jera su haka za a bar su.

Inna Dije da babban ɗanta suka sa hannu, na ɗauko adakar a motar haya. Mako biyu ina kanta. Akwai littattafan makaranta cike da waƙoƙi, wata an soke ta an sake sau biyar, akwai kuma wasiƙu. Ɗauri mafi kauri na mutum ɗaya ne, wani Bawa direba. Wasiƙun abokai ne na gaske, da zolaya da labarin iyali da gardama a kan baiti. Suna tafiya shekara da shekaru, sai suka tsaya cak.

A ƙarƙashin wannan ɗaurin ambulan ɗin yake. A liƙe yake, da kan sarki a jikinsa, amma babu hatimin gidan waya. Da hannun Malam Haladu aka rubuta: Alhaji Bawa, Tashar Mota, Birnin Kudu.

Na kai wa Hajiya Rabi. Ta juya shi ta ce, "Buɗe shi a hankali, ka ba shi lamba, ka shigar."

Na ce, "Hajiya, mutumin da aka rubuta wa yana da rai. Na bincika, gidansa na bayan tasha."

Ta ce, "Malam Usaini, mu ba gidan waya ba ne. An sa hannu, kayan hukuma ne."

Washegari ta tafi taro Dutse na kwana uku. Na zauna da ambulan ɗin a gabana, wuƙar buɗe takarda a hannuna, na kasa. Ranar Laraba na sa shi a aljihu na hau mota zuwa Sara. Ban rubuta neman izini ba, don na san amsar da zan samu.

Inna Dije na gani ta gane shi. Ta ce, "Ashe yana nan. Sau nawa Malam yana sa shi a aljihu ran kasuwa, ya dawo da shi."

Ita ta ba ni labarin. Malam da Bawa tare suka taso. Malam ya yi wata waƙa a kan masu mota da ke lodin da ya wuce kima suna halaka mutane. Bai ambaci suna ba, amma a watan ne motar Bawa ta yi haɗari, sai duk tasha ta ce da shi ake. Yaran mota suka riƙa rera masa ita. Bawa ya yanke gaisuwa. Kusan shekara ashirin ba su yi magana ba, ko jana'iza bai zo ba.

Na ce, "Inna, me kike so a yi da shi?"

Ta ce, "Da na tuna da shi, da ban sa shi cikin kayan da na ba ku ba. Ka kai wa mai shi."

Ranar Alhamis da hantsi na sami Alhaji Bawa a ƙofar gidansa, dattijo mai jiki, ya daina tuƙi, 'ya'yansa ke kula da motocin. Da na ambaci sunan Malam Haladu fuskarsa ta canja.

Ya ce, "In waƙa ka zo nema, ba ni da ita."

Na miƙa masa ambulan ɗin. Ya kai shi kusa da idonsa ya daɗe yana duban rubutun. Sannan ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe yanzu, in buɗe in karanta masa.

Shafi ɗaya ne. Alhaji ya roƙe ni kada in bayyana duk abin da ke ciki, kuma ban taɓa bayyanawa ba. Abin da ya yarda in faɗa shi ne Malam ya amsa cewa da shi yake a waƙar, ya ce bai kyauta ba, ya nemi gafara. Da na karanta kwanan watan da ke sama, Alhaji ya ƙirga da yatsu.

Ya ce, "Shekara shida kafin ya rasu. Shekara shida, motocina na bi ta bakin garinsu kullum."

Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya shige gida ko sallama bai yi mini ba. Na koma ofis na rubuta gaskiya a rajista: wasiƙa ɗaya a liƙe, an miƙa wa wanda aka rubuta wa bisa buƙatar matar marigayi.

Litinin Hajiya ta dawo ta gani. Kafin azahar takardar tuhuma, wadda muke kira kwiri, tana kan teburina, in ba da amsa cikin kwana biyu. Hankalina ya tashi, don fitar da kayan ajiya ba izini laifi ne da kan iya kai mutum ga dakatarwa, ga shi ina jiran ƙarin girma. Na amsa laifina a rubuce, na bayyana dalili, ban ƙara komai ba.

Ranar Laraba muna cikin wannan hali sai ga Alhaji Bawa ya shigo yana dogara sanda, riƙe da wata tsohuwar jakar fata. Ya gaida Hajiya, ya ce daga Sara yake, ya je ya yi wa Inna Dije ta'aziyyar da bai yi ba. Ya zazzage jakar a kan tebur. Wasiƙun Malam Haladu ne da ya rubuta masa tun suna samari, da yawa da waƙoƙi a ciki a sifarsu ta farko, waɗanda babu su a adakar.

Ya ce, "Sau biyu na ɗauko su zan ƙona, na fasa. Ku ajiye. Amma ta ƙarshen nan tawa ce, ba zan bayar ba."

Hajiya ta riƙa duba su ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, "Alhaji, za mu buɗe musu kwali da sunanka."

Ya ce, "A'a. Ku haɗa su da nawa da ke wurinku. Tasa, tawa, tasa, tawa, yadda muka rubuta su."

Wannan ya saɓa wa ƙa'ida, don ba a cakuɗa ajiyar mutum biyu. Na dubi Hajiya. Ta jawo takarda ta rubuta izini da hannunta, ta sa hannu, ta turo mini.

Kwirin bai tafi a banza ba. An ba ni gargaɗi a rubuce, yana cikin fayil ɗina har na yi ritaya, kuma ƙarin girmana ya yi jinkirin shekara guda. Ban taɓa cewa an zalunce ni ba. Da na rubuta buƙatata na jira ta dawo, na yi mata bayani da abin da Inna Dije ta faɗa, wataƙila da an kai ga abu ɗaya ba tare da tabo ba. Bayan haka Hajiya ta sa aka ƙara layi a takardar yarjejeniya: duk wasiƙar da aka samu a liƙe, a koma wa magada kafin a taɓa ta.

Ku da kuke fara aikin nan, ku nemi izininku a rubuce ko da kuna ganin gaskiya na wurinku. Sannan ku tuna, takardun marubucin zamaninmu ba kamar na shekara ɗari biyu ba ne. Sunayen da za ku gani a cikinsu, da yawa masu su na nan da rai, wani ma yana bayan tasha. Kafin ku ba takarda lamba, ku tambaya ko akwai wanda bai karɓi saƙonsa ba tukuna.